Tsohon Itacen Masallaci Amana Ne: Hukuncinsa da Hanyar Mayar da Shi Sana'a a Karaye da Rogo



Babu ranin da zai wuce a ƙasar Karaye da Rogo ba a rushe wani masallacin ƙasa an tayar da na bulo a gurbinsa ba, ko a kware rufin wani a sabunta. Daga Turawa zuwa Yammedi, daga Zarewa zuwa Fulatan, alherin Allah ne da muke gani da idanunmu. Sai dai duk inda aka yi wannan aiki akan bar tarin itace a gefe: azara, da ƙyauren da, da tagogi, da rafta, da guntayen katako. Kwamiti yana can hankalinsa na kan siminti da kwano, tarin kuma yana raguwa kullum. Wani ya ja azara ya tokare dangarsa, wata ta aiko yaro ya ɗebo mata na hura wuta, abin da ya saura ruwan damina da gara su ƙarasa shi. Galibin masu ɗiba ba su ɗauki abin laifi ba, domin a ganinsu shara ce. A shari'a kuwa dukiyar wakafi ce, tana da hukunci, kuma akwai waɗanda za a tambaya a kanta.

A cikin waɗannan garuruwa dai akwai masassaƙa da kafintoci da sana'arsu ke ja da baya saboda tsadar itace. Manufar wannan bayani ita ce mu nuna wa kwamitocin masallatai da masu bayar da gudummawa yadda za a sada waɗannan ɓangarori biyu ta hanyar da shari'a ta yarda da ita, masallaci ya tsira da haƙƙinsa, mai sana'a ya sami abin yi, itatuwan da ke tsaye a gonaki kuma su sami sauƙin gatari.

Halin da sassaƙa take ciki

Sassaƙa tana cikin tsofaffin sana'o'in Bahaushe. Daga hannun masassaƙi ake samun turmi da taɓarya, da akushi da muciya, da kujerar tsakar gida, da ƙotar fartanya da ta gatari, da allon da kowannenmu ya fara karatu a kansa. Kowane aiki da itacensa. Ƙirya ce ta turmi saboda taurinta, ita ce kuma maƙera suke so a gawayi. Aduwa ta yi suna wajen allo. Marke ana nemansa don ƙota da ginshiƙi, maɗaci don ƙyaure da kujeru, giginya kuwa daga jikinta ake tsaga azara.

Waɗannan itatuwa masu tauri ba sa girma da sauri. Ƙiryar da za ta ba da turmi ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta kai, amma mai injin yanka zai kwantar da ita kafin a idar da sallar walaha. Yawan jama'a ya ƙaru, gonaki sun cinye dazuzzuka, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da tsadar da ta biyo baya, gidaje da yawa a birane sun koma girki da gawayi. Kasuwar ƙasashen waje ma ta yi nata ɓarnar. Madobiya, wadda aka riƙa sarewa a Afirka ta Yamma ana lodawa zuwa ƙasar Sin, sai da ta kai a 2016 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ta taƙaita cinikinsu.

Masassaƙin ƙauye ba ya iya gogayya da mai buhunan gawayi wajen sayen itace a tsaye, ba shi kuma da jarin zuwa kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano. Roba da ƙarfe sun karɓe rabin kasuwarsa. Idan ya ajiye gizago, ɗansa ba zai ɗauka ba, sai ya tafi birni neman abin da ya samu. Irin waɗannan magidanta ne sunayensu ke ƙaruwa a cikin jerin masu neman zakka.

Hukuncin itacen da aka cire daga masallaci

Asalin wakafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi, shi ne a tsare asalin dukiya a bayar da amfaninta. Hujjarsa mafi shahara ita ce gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiryar da shi ya tsare ta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Duk abin da aka gina masallaci da shi ya shiga wannan hukunci. Azarar da wani bawan Allah ya kawo shekaru 50 da suka wuce ta fita daga mallakarsa, ba ta kuma shiga mallakar liman ko ladan ko shugaban kwamiti ba. Sauke ta daga rufi bai canza wannan ba.

Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa ba a sayar da hubusi ko da ya lalace, sa'an nan ta kawo misalin dokin hubusi da ya daina amfani, wanda ake sayarwa a sa kuɗinsa cikin irinsa. Muhtasar na Shehu Halil ya bi wannan rabewa: kayan da ake iya ɗauka, idan amfaninsu ya ƙare, ana sayar da su a mayar da kuɗin cikin makamancinsu, amma gini da ɓaraguzansa ba a sayar da su a bisa mashahurin zance. Abin da ake yi da ɓaraguzai shi ne a mayar da su cikin ginin, ko a kai su wani hubusin irinsa. Wasu malaman mazhaba na baya, kamar yadda ake gani a fatawowin da Wansharisi ya tara a cikin Mi'iyaru, sun sauƙaƙa a sayar idan babu sauran fatan amfani da su kuma ana tsoron su salwanta, da sharaɗin kuɗin ya koma ga hubusin. Hambaliyya sun fi faɗaɗawa a wannan babi, suna kafa hujja da yadda Sayyidina Umar ya yi umarnin a ɗauke masallacin Kufa zuwa wani wuri.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan maganganu da ya halatta a bar itacen ya ruɓe, ko a bar kowa ya ɗiba. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Buhari da Muslim ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah Ya ƙi, to ina ga dukiyar ɗakin Allah. Saboda haka muke ba kwamitoci shawarar bin matakai uku a jere, ba a tsallake na farko sai ya gagara.

Mataki na farko, a mayar da itacen cikin masallacin da ya fito. Sabon gini yana buƙatar kantar ajiye Alƙur'anai, da wurin ajiye takalma, da bencin tsofaffi a wurin alwala, da abin ɗora Alƙur'ani, da makara, wani lokaci har da mumbari. Duk waɗannan kafintan gari zai iya fitar da su daga tsohon ƙyaure da rafta, a biya shi ladan aikinsa daga asusun gini. Wannan mataki babu saɓani a kansa, kuma ladan wanda ya kawo itacen tun farko yana ci gaba da gudana.

Mataki na biyu, abin da masallacin ba ya buƙata a kai shi wani hubusin: ƙaramin masallacin unguwa ko na ƙauyen da ke maƙwabtaka, wanda har yanzu ginin ƙasa ne kuma azara za ta yi masa amfani. Azarar giginya mai kyau gara ba ta cika cin ta ba, tana iya ƙara wasu shekarun masu yawa a wani rufin.

Mataki na uku ya shafi guntayen da ba su isa komai a gini ba. Waɗannan, bisa zancen malaman da suka sauƙaƙa, a yi musu kuɗi a gaban shaidu bayan an nemi fatawar malaman gari ko izinin alƙali, a sayar, a rubuta, kuɗin ya shiga aikin masallacin. Ba a bayar da su kyauta ko da ga matalauci ne, domin kwamiti wakili ne, ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. A nan ne mai son alheri yake da ƙofa: ya biya masallaci kuɗin guntayen, su zama nasa, sa'an nan ya yi sadaka da su ga mai sana'a. Da kuɗi ɗaya ya taimaki masallaci ya kuma taimaki magidanci.

Itacen da iska ta kayar a harabar masallaci ko a filin makaranta na wakafi, shi ma hukuncinsa ke nan. Na gona na mai gona ne, na bakin hanya kuma sai da izinin jami'an gandun daji na ƙaramar hukuma. Game da tsofaffin gidaje da ake rushewa, muna maraba da sadakar itacensu, amma idan gidan gado ne sai duk magada sun yarda, kuma rabon maraya ba a sadaka da shi, sai dai a saya a ajiye masa kuɗinsa.

Ba kowane tsohon itace ne ya dace da kowane aiki ba

Tsohon itace yana da falalar da sabo ba shi da ita. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, idan aka sassaƙa shi kafin ya bushe, hunturu na zuwa sai ya tsage ko ya karkace. Wanda ya shekara 30 a rufi ya gama duk motsin da zai yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma akwai haɗarin da ya wajaba kowa ya sani. Katakon rufi na zamani galibi ana shafe shi da maganin gara ko baƙin man inji kafin a ɗora. Tsofaffin turakun lantarki an jiƙa su da magani mai guba har cikin jikinsu. Tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Katakon da ake ɗora kayan kamfani a kai yana zuwa da hatimi: mai alamar HT zafi kawai aka gasa shi da shi, mai alamar MB kuwa hayaƙin magani aka yi masa, a nisance shi. Duk itacen da magani ko fenti ya taɓa, kada a yi akushi ko muciya ko cokali ko abin wasan yara da shi. Kada kuma a yi allo da shi ko kaɗan, domin a ƙasarmu ana wanke allo a sha rubutu, yara kuma suna shafa shi da hannu su kai baki. Irin wannan katako wurinsa kantar takalma da benci da firam ɗin taga. Ƙona shi a murhu ma cuta ne ga mai girki.

Itacen da ya dace da kayan abinci da allo da abin da ke taɓa fata shi ne wanda aka san asalinsa: reshen da aka sassabe, da itacen da iska ta kayar, da tsohon turmin da gindinsa ya huje, da taɓaryar da ta karye, da ƙyauren gargajiya da bai taɓa ganin fenti ba. Kafin a sa zarto a bi shi da mayen ƙarfe a zare ƙusoshin da suka nutse, domin ƙusa ɗaya tana iya lalata bakin kayan aiki ko ta raunata mai yi. Wanda gara ko ƙwaro ya shiga a yanke wurin a yar, sauran a shanya shi a rana. Ɗanyen reshe kuma a ɓare shi, a shafe bakinsa biyu da kakin zuma, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa har ya yi wasu watanni.

Abin da guntu yake iya zama

Turmi yana cin gungume guda, amma tasbaha mai ƙwaya 99 guntayen da ba su fi tafin hannu ba sun ishe ta. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka fi karkata ga ƙananan kaya. Ana tsaga itacen sanda-sanda, a yanka shi ƙananan gutsattsari daidai wa daida, a huda kowanne, a zagaye shi da magagari ko ƙaramin injin juyi, a goge har ya yi santsi, a shafe shi da man kaɗe ko kakin zuma, sa'an nan a zura a zare mai ƙarfi. Zuciyar ƙirya tana ba da ja mai duhu, maɗaci ja mai haske, aduwa ruwan ƙwai, tsohuwar azara kuma tana da baƙaƙen jijiyoyi da ke fitowa da kyau a jikin sandar hannu. Ta wannan hanya dai ake yin tsakiyar wuya da ta hannu, da 'yan kunne, da awarwaro, da matajin kai, da maɓallan riga, da mariƙin makulli.

Aikin yana rabuwa gida biyu yadda ya dace da zamanmu. Yanka da huda na masassaƙi ne a rumfarsa. Guga da shafa mai da zura zare da haɗa launi aiki ne da mace za ta yi a cikin gidanta, ko dattijon da ƙarfin noma ya ƙare masa, ko mai lalurar ƙafa. Zawarawa masu riƙon marayu, waɗanda su ne kan gaba a jerinmu kowace shekara, suna da gurbi a nan.

Kasuwa kuwa tana nan. Babu gidan Musulmi da ba a buƙatar tasbaha, kuma mafi yawan waɗanda ke hannunmu na roba ne da aka shigo da su daga waje. Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau ita ce matattarar kayan hannu a Kano. A Baitalahmi ta ƙasar Falasɗinu iyalai da yawa sun daɗe suna rayuwa da sassaƙa itacen zaitun, mafi yawansa daga rassan da manoma suka sassabe, itacen kuma yana tsaye yana ba da 'ya'ya. Sharaɗin da kasuwa ba ta yafewa shi ne kyawun aiki: ƙwayoyi su zo daidai, huda ta miƙe, zare ya yi ƙarko. Mai saye zai saya sau ɗaya don tausayi, ba zai dawo ba sai don inganci. Nan ma muke tunatar da masu sana'a su tsaya ga kayan amfani da na ado, su bar sassaƙa cikakkiyar surar mai rai, wadda malamanmu suka hana.

Wane kuɗi ne zai yi wane aiki

Masu bayarwa sukan tambaye mu ko zakkarsu za ta shiga irin wannan shiri. Amsar tana buƙatar rarrabewa, domin asusu uku ne, kuma ba ma gauraya su.

Zakka tana da masu ita guda takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma sharaɗinta a mallaka wa mai karɓa. Ba a gina rumfa da ita, ba a saya wa gidauniya inji da ita. Amma masassaƙin da yake matalauci ana ba shi, kuma malamai sun yi maganar a ba shi abin da zai fitar da shi daga buƙata. A Malikiyya ana iya ba shi abin da zai ishe shi shekara. Imamu Nawawi, daga Shafi'iyya, ya bayyana a cikin Majmu'u cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Domin fita daga saɓanin bayar da kaya a maimakon kuɗi, hanyar da muka zaɓa ita ce a damƙa masa kuɗin su zama nasa, sa'an nan in ya so ya wakilta wanda zai sayo masa zarto da gizago da injin huda.

Wakafi shi ne na abin da zai dawwama ana amfani da shi tare: fili, da rumfar aiki, da ɗakin ajiyar itace, da injin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba. Mazhabar Malikiyya ta yi sauƙi a nan, domin ta halatta hubusin kayan da ake ɗauka, ta kuma halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci. Mai shagon da ke rufe zai iya bayar da shi na shekara 5, bayan nan ya koma hannunsa.

Sadakar ganin dama ita ce ta sayen guntayen itace daga masallatai, da kuɗin dako, da ladan mai koyarwa.

Burinmu shi ne mai karɓa ya zama mai bayarwa. Kayan aikin mai sana'a babu zakka a kansu, amma abin da ya ƙera don sayarwa ana yi masa ƙima a ƙarshen shekara a haɗa da kuɗin hannunsa, in ya kai nisabi, wato ƙimar dinari 20 ko kimanin giram 85 na zinariya, ya fitar da kashi 2.5 cikin 100.

Itacen gobe

Tsohon itace yana ƙarewa. Masallatan ƙasa da suka rage ƙidayayyu ne, kuma sana'ar da ta dogara da rushe-rushe kaɗai ba za ta kai ga jikoki ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya. Tun daga 1983 manoma a can suka fara abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ƙasarmu ta fi tasu ruwan sama, ga kuma madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a cikin ƙaramar hukumar Karaye. Abin da ya yiwu a can ya fi sauƙi a nan.

Filayen idi da gefen maƙabartu da harabar makarantu suna iya ɗaukar darbejiya, wadda ke girma da sauri, tana sake tohowa bayan sassabe, gara kuma ba ta son itacenta. A tsakaninsu a sa maɗaci da ƙirya da aduwa don masu zuwa. Gawo da ɗorawa da kaɗanya kuwa a bar su a tsaye, domin amfaninsu a raye, na taki da daddawa da man kaɗe, ya fi na katakonsu. Hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim ya yi bushara da ladan sadaka ga mai dashe a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashensa.

Abin da muke roƙo

Ga kwamitocin masallatai: kafin a ɗora hannu a kan tsohon gini, a zauna a rubuta abin da ke cikinsa, azara nawa, ƙyaure nawa, taga nawa. A naɗa mutum ɗaya amintacce ya kula da su, a tara su a wuri mai rufi, a ɗaga su daga ƙasa. A sanar da jama'a bayan sallar Juma'a cewa kayan hubusi ne. A sanar da mu tun kafin a fara rushewa, domin mu zo da kafinta ya ware mai magani da marar magani.

Ga masu bayar da gudummawa: ku bayyana mana niyyarku lokacin bayarwa, zakka ce ko wakafi ko sadaka, domin mu sa kowanne a muhallinsa. Wanda yake da fili ko shago ko tsohon gida, ƙofa a buɗe take. Wanda zai raba tasbaha a walima ko saukar karatu, ya tambayi ta gida tukuna.

Sana'ar itace ba abin rainawa ba ce. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne, kuma mumbarin Manzon Allah kafinta ne ya yi shi daga itacen dajin da ke kusa da Madina. Allah Ya karɓa daga waɗanda suka gina masallatanmu na farko, Ya gafarta musu, Ya ba mu ikon tsare amanar da suka bari, Ya sanya albarka a dukiyar masu bayarwa da hannun masu sana'a. Amin.

Sakataren Gidauniya